Ƙanwar da aka haifa ta zama magani: wa ke tsaya wa yaron da lafiyarsa ƙalau?

Na rufe littafin nan ina jin haushi, kuma sai da na yi kwanaki kafin in gane haushin wa nake ji. Da fari na ɗauka uwar ce. Can kuma na koma kan likitoci. Sai da na bi sawun shari'o'in gaske da labarin ya jingina da su, sannan na gano marubuciyar ce ta ɓata mini rai: ta ɗauko tambaya mai nauyin gaske, ta sha wahalar kawo ta har gaban alƙali, da aka zo wurin amsa sai ta sulale.

Littafin shi ne My Sister's Keeper na Jodi Picoult, marubuciya 'yar Amurka, wanda ya fito a 2004. Wanda bai karanta ba kuma yake da niyya, ya sani zan tona ƙarshensa, domin maganar da nake son yi ba ta yiwuwa sai da shi.

Wani iyali ne a jihar Rhode Island. 'Yarsu Kate tana shekara biyu aka gano tana da sankarar jini. Yayanta Jesse bai dace da ita ba, iyayen ma haka. Sai suka je wurin likitoci aka haɗa ƙwai a waje, aka zaɓi ɗan tayin da ya dace da jikin Kate, aka haifi Anna. Ranar da ta zo duniya aka ɗebi jinin cibiyarta. Bayan wasu shekaru aka ɗebi fararen ƙwayoyin jininta, sannan ɓargo. Tana shekara 13 ƙodojin yayarta suka gaza, aka ce saura ƙoda. Sai yarinyar ta tattara 'yan kuɗinta ta je ofishin lauya, ta maka iyayenta a kotu tana neman a ba ta iko da jikinta. Uwar, Sara, tsohuwar lauya ce, ita ta tsaya wa kanta a shari'ar da take yi da 'yar cikinta.

Me ya sa sai ɗan'uwa?

Kafin a yanke wa uwar nan hukunci, ya kamata a san lissafin da ke gabanta. A jikin ƙwayoyin kowane mutum akwai wasu alamomi da likitoci ke kira HLA. Da su garkuwar jiki ke bambance na gida da baƙo. Umarnin ƙera su yana zaune wuri guda a kan kuromosom na 6, ɗaya daga cikin ƙunshin bayanan gado da ke cikin ƙwayoyin jiki, kuma a dunƙule ake gadonsu: ƙulli ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Tunda uba yana da ƙulli biyu, uwa ma biyu, haɗuwa iri huɗu ce za ta iya fitowa. Shi ya sa duk ɗan'uwan da kuke uwa ɗaya uba ɗaya, damar ku dace ɗari bisa ɗari ɗaya ce cikin huɗu. Iyaye kuwa yawanci rabi suke dacewa da 'ya'yansu, don rabi kowa ya bayar.

A dashen ɓargo dacewar nan ta fi muhimmanci fiye da a dashen ƙoda, saboda abin da ake dasawa shi kansa garkuwar jiki ce. Idan an sa wa mutum ƙoda, jikinsa ne ke iya ƙin ta. Idan ɓargo ne, sabon ɓargon na iya juyowa ya ɗauki dukan jikin majinyacin a matsayin abokin gaba, ya afka wa fata da hanta da hanji. Wannan kaɗai na iya kisa. Saboda haka iyayen da aka ce musu babu wanda ya dace a cikin dangi, babu kuma a rajistar masu bayarwa, sukan dubi juna su yi tunanin abin da ba sa iya furtawa: to mu sake haihuwa mana.

An yi hakan tun kafin fasahar zaɓe ta zo. A Kalifoniya, iyalin Ayala sun nemi wanda zai ba 'yarsu ɓargo ba su samu ba. Iyayen sun haura shekara 40, uban ma an riga an yi masa aikin tsayar da haihuwa. Aka warware aikin, suka jefa ƙuri'ar ɗaya cikin huɗu, suka dace. An haifi ƙanwar a 1990, aka ɗebi ɓargonta a 1991 tana wata 14, yayar ta rayu. Jaridun Amurka sun yi ta cacar baki a kai.

Zaɓen ɗan tayi don dacewa kuwa sai a 2000 aka fara samun nasararsa. Wata yarinya ce a Colorado, daga iyalin Nash, mai cutar gado da ake kira Fanconi, wadda ke kashe ɓargo a hankali. A wata cibiya a Chicago aka gwada 'yan tayin iyayenta, ana neman abu biyu lokaci guda: wanda bai gaji cutar ba, kuma ya dace da ita. Uku cikin huɗu ba sa ɗauke da cutar a bayyane, ɗaya cikin huɗu ke dacewa, in aka haɗa sai ya zama uku cikin 16. Ga shi ba kowane ɗan tayi da aka mayar mahaifa ke kamawa ba. Sai da aka yi ta maimaitawa kafin a haifi ƙanenta a watan Agusta na 2000, aka zuba mata jinin cibiyarsa a asibitin Jami'ar Minnesota. Shi dashen jinin cibiya tun 1988 aka fara shi a birnin Paris, a hannun Eliane Gluckman, shi ma kan mai cutar Fanconi.

Wato ke nan, in an bi lissafi, yarinya mai shekara 13 a 2004 ba za ta zama an zaɓe ta ta wannan hanya ba. Marubuciyar ta janyo fasahar baya da kimanin shekara goma don ta samu yarinyar da ta isa buɗe baki. Ban riƙe ta da wannan ba. Aikin mai ƙaga labari ke nan.

Tambayar da ta fi ɗaukar hankali, wadda kuma ta fi rauni

Duk wanda na ji yana maganar littafin nan, daga nan yake farawa: ya halatta a haifi yaro don a yi magani da shi? Masu suka sukan jawo maganar Kant, masanin falsafa na Jamus, da ya ce a 1785 kada a riƙi ɗan Adam a matsayin kayan aiki. Sai dai sukan manta da kalma ɗaya a maganar tasa: kayan aiki kawai. Kuma in za a faɗi gaskiya, wane yaro aka haifa babu wani buri a bayansa? Wani don a samu magaji, wani don aure ya zauna, wani don kada na fari ya tashi shi kaɗai, da yawa ma ba a yi shiri ba sam. Ba mu taɓa tsare iyaye muna tambayarsu dalili ba. Idan za a fara, ceton ran ɗa ba shi ne dalilin da zai fara faɗuwa a jarrabawar ba.

Birtaniya ta gwada ja layi a nan, layin bai tsaya ba. A 2002 hukumar da ke kula da harkar haɗa ƙwai a ƙasar ta ba iyalin Hashmi na Leeds izini, saboda cutar jinin da ɗansu ke fama da ita, talasimiya, ta gado ce: dole dama a gwada ɗan tayi don kare shi kansa, duba dacewa ƙari ne kawai. A shekarar kuma ta hana iyalin Whitaker, domin cutar ɗansu ba daga iyayen ya gada ba, gwajin ba zai amfani ɗan tayin da komai ba sai wani. A takarda bambancin yana da ma'ana. A ɗakin jinya kuwa ba cinya ba ce, ƙafar baya: yara biyu ne da ke rayuwa da ƙarin jini. Iyalin Whitaker suka hau jirgi zuwa Chicago, aka haifi yaron a 2003, aka yi wa wansa dashe ya warke. A 2004 hukumar ta janye bambancin, a 2005 kotun ƙoli ta ƙasar, wadda a lokacin take cikin Majalisar Dattawa, ta tabbatar da ikonta na ba da irin wannan izini.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne dokar da majalisar Birtaniya ta yi a 2008. Ta yarda a zaɓi ɗan tayi don jinin cibiya ko ɓargo ko wani nama makamancinsu, amma ta ce ban da cikakkiyar gaɓa. Masu dokar sun gane inda haɗarin yake. Ba a ranar ɗaukar ciki yake ba. Yana cikin shekarun da ke biyo baya.

Tsani

Jinin cibiya ba ya cutar da kowa. Abu ne da in ba a ɗiba ba zubar da shi za a yi, jaririn bai ma san an yi ba. A nan kowace uwa za ta ce to, kuma ba wanda zai ga laifinta.

Cutar ta dawo, ana son fararen ƙwayoyin jini. Allura ce a hannu, kuka na minti biyar, a sayo alewa. Wa zai ce a bar yarinya ta mutu saboda allura?

Ta sake dawowa, yanzu ɓargo ake so. Wannan sai an shiga ɗakin tiyata, a sa yaro barci, a kifa shi, a yi ta soka allura mai kauri a bayan ƙashin ƙugu ana zuƙowa. Zai tashi da ciwon baya na kwanaki, wani lokaci da ƙarancin jini. Amma ɓargo yana mayar da kansa cikin 'yan makonni, mummunar matsala kuma ba kasafai take faruwa ba. To, tunda an yi na baya, wannan ma ai ɗan ƙari ne.

Sai ƙoda. Ita ba ta tsirowa. Babban bincike da aka buga a Amurka a 2010 ya nuna kimanin mutum 3 cikin 10,000 na masu ba da ƙoda ke mutuwa a sanadin aikin. Adadin kaɗan ne, amma manya aka ƙirga, waɗanda suka zaɓa da kansu. Yarinya mai shekara 13 za ta ɗauki ƙoda ɗaya ta yi shekara sittin ko saba'in da ita, ta yi goyon ciki da ita, ta tsufa da ita, in hawan jini ko ciwon suga ya zo ya tarar da ita haka.

Kowane mataki, in an auna shi da wanda ke ƙasansa, ɗan taƙi ne. Ba a taɓa zuwa ranar da wani zai tsaya ya auna na sama da na ƙasa duka ba. Wannan shi ne abin da littafin ya iya nunawa fiye da duk wata muƙala da na karanta, kuma saboda shi nake yafe masa abubuwa da yawa, har da soyayyar lauyan da tsohuwar budurwarsa da aka cusa ta cinye shafuka a banza. Sara ba muguwa ba ce. Ba ta taɓa zama ta yanke shawarar sadaukar da 'ya ɗaya don ɗaya ba. Sau ɗari ta yanke ƙananan shawarwari, kowace a tsakiyar dare, kowace da likita tsaye yana jira. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Kuma akwai abin da ake ɗiba wanda ba a rubuta shi a fayil. Akwai wurin da aka gayyaci Anna wani sansanin wasa a wata jiha, uwar ta hana, don kada Kate ta buƙace ta tana nesa. Babu allura a wannan shafin, amma ya fi na ɓargon yi mini ciwo. Yarinyar ta zama kamar kwalbar magani da ake ajiyewa kusa da gado. Shi kuwa Jesse, da aka gwada bai dace ba, sai aka daina ganinsa gaba ɗaya, ya koma cinna wa gine-gine wuta, alhali ubansa ma'aikacin kashe gobara ne. Wannan ɗin ya yi kama da shiri, amma ciwon da ke ƙarƙashinsa na gaske ne: a gidan da ake jinya mai tsawo, lafiya kan zama dalilin a manta da yaro.

Abin da kotunan gaske suka ce

Tun ranar da aka fara dashen ƙoda matsalar ta fito. A watan Disamba na 1954, a Boston, tawagar likita Joseph Murray ta cire ƙodar wani saurayi ta sa wa tagwaicinsa. Shi ne dashen ƙoda na farko da ya yi nasara mai ɗorewa, kuma a cikinsa likita ya yanka lafiyayyen mutum, ba don amfanin jikinsa ba. Ga babba, an samu mafita: ya ji bayani, ya amince, jikinsa ne. Ga yaro ko wanda hankalinsa bai cika ba fa? Ƙa'ida ita ce waliyyi na amincewa a madadinsa ne kan abin da zai amfane shi. Cire ƙoda ba ya amfanar wanda aka cire wa.

Sai kotuna suka ƙirƙiro wata hanya. A Kentucky, a 1969, a shari'ar Strunk, an nemi ƙodar wani mutum mai shekara 27 wanda hankalinsa bai wuce na ɗan shekara shida ba, don a ba wansa. Alƙalai huɗu suka yarda, uku suka ƙi. Hujjar masu rinjaye ita ce ya dogara da wan nasa ƙwarai, rasa shi zai fi cutar da shi fiye da rasa ƙoda. A 1972 wata kotu a Connecticut ta bi wannan sawu ta ba da izini a kan wasu tagwaye 'yan mata da ba su cika shekara takwas ba. A 1975 kotun ƙolin Wisconsin ta ƙi bin hanyar, ta ce ba ta ga amfanin da mai bayarwar zai samu ba.

Hujjar nan ta amfanin zuciya tana da gaskiya a cikinta, tana kuma da wayo. Gaskiyarta: yaron da ya tashi da ɗan'uwansa a raye, a gidan da ba a yi makoki ba, ya samu wani abu. Wayonta: da ita za a iya halatta kusan komai, domin kullum ana iya cewa mutuwar ɗan'uwa ta fi zafi. Ba ta kuma lissafa ranar da dashen ya ƙi ba. Idan sabon ɓargo ya juya ya kashe majinyacin, yaron da aka yi ta gaya masa shi ne zai ceci yayarsa, me zai gaya wa kansa? Masu kula da irin waɗannan yara sun daɗe da sanin cewa wasunsu kan ɗauki laifin su ɗora wa kansu.

Shari'o'i biyu ne suka fi tsaya mini a rai, domin a cikinsu an ce a'a, kuma a'a ɗin ta zauna.

Ta farko a Pennsylvania, 1978. Wani mutum mai suna McFall, ɓargonsa ya daina aiki. Aka gwada dangi, wani ɗan'uwansa, Shimp, ya dace a gwajin farko, sannan ya ce ba zai ci gaba ba. McFall ya kai ƙara a tilasta shi. Alƙalin bai ɓoye ra'ayinsa ba, ya ce a wurinsa ƙin nan ba shi da abin kare kansa ta fuskar ɗabi'a. Amma ya ce doka ba za ta danne mutum ta huda jikinsa don wani ba. McFall ya rasu bayan 'yan makonni.

Ta biyu a Illinois, 1990, shari'ar Curran da Bosze. Wani uba yana da ɗa mai shekara 12 da sankarar jini, yana kuma da tagwaye 'yan shekara uku da rabi da wata matar. Ya nemi a gwada tagwayen, uwarsu ta ƙi. Kotun ƙolin jihar ta goyi bayanta, ta kuma shimfiɗa sharuɗɗa uku: mai amincewa ya san haɗari da amfani, yaron ya samu mai rarrashinsa daga wanda ke renonsa, sannan a samu shaƙuwa ta gaske tsakanin mai bayarwa da mai karɓa. Tagwayen sau biyu kacal suka taɓa haɗuwa da wan nasu. Dangantakar jini kaɗai, in ji kotun, ba ta isa ba. Yaron ya rasu a cikin shekarar.

A lura da wani abu a wannan ta biyun. Tagwayen sun samu mai tsaya musu ne saboda uwarsu ba ita ta haifi majinyacin ba. Da uwa ɗaya ce, da ba a je kotu ba sam.

Nan ne gizo ke saƙar. Dukan tsarin amincewar iyaye an gina shi ne a kan zaton cewa uwa da uba suna gefen ɗansu. A gidan su Anna suna gefen 'ya'ya biyu da buƙatunsu suka yi karo, ɗaya tana aman jini, ɗaya tana tsaye da ƙafafunta. Ba a buƙatar mugun nufi kafin ma'auni ya karkata. Ido ma kan wanda ke kwance yake fara sauka. Likitan da ke bayani shi ma likitan majinyaciyar ne, shekara goma yana fama da ita, ya san ranar haihuwarta. Kowa a ɗakin mutumin kirki ne, kuma ba ko ɗaya da aikinsa shi ne ya dubi lafiyayyar kaɗai.

Masu tsara ƙa'ida sun gane haka. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da matsayi a 2008 kan gaɓoɓi, da wani a 2010 kan ɓargo. Na ɓargon ya ce yaro zai iya bayarwa idan babu babba a dangi da ya dace kuma ya yarda, idan akwai kyakkyawar alaƙa tsakanin yaran, idan akwai kyakkyawan zaton dashen zai yi amfani, idan an rage haɗarin iya ragewa, kuma an samu izinin iyaye da yardar yaron gwargwadon hankalinsa. Sannan ya nemi a naɗa wa mai bayarwa wakili na musamman, wanda ba ya cikin masu jinyar majinyacin. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2010, ta ce kada a cire ƙwaya ko nama ko gaɓa daga yaro mai rai don dashe sai a 'yan keɓantattun halaye da dokar ƙasa ta yarda. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma, a zamanta na Jidda a 1988, da ta halatta ɗaukar abin da jiki ke mayarwa kamar jini da fata, ta sa sharaɗin mai bayarwa ya zama cikakken mai ikon yanke wa kansa hukunci.

Da waɗannan a hannu, sai mai karatu ya ga cewa shari'ar da ke cikin littafin da wuya ta faru yadda aka tsara ta. Babu cibiyar dashe mai mutunci da za ta kwantar da yarinya mai shekara 13 tana cewa ba ta so, ta cire mata ƙoda. Majinyacin da sankara ba ta gama sakinsa ba ma, ba kasafai ake sa shi a layin dashen ƙoda ba. Amma wannan bai rage wa labarin ƙarfi a wurina ba, sai ma ya nuna inda tilascin yake. Ba sai an ɗaure yarinya ba. Ya isa ta san cewa in ta ce a'a, da yamma gida ɗaya za ta koma da uwarta, kuma ɗaki ɗaya suke kwana da wadda za ta mutu. Yardar da aka karɓa a wannan hali, ko an sa hannu a takarda goma, sai an yi mata kallo biyu. Shi ya sa a wasu cibiyoyin dashe, idan babba ya janye a asirce, likitoci kan gaya wa dangi cewa bai cancanci bayarwa ba kawai, ba tare da sun faɗi dalili ba, don su rufa masa asiri. Babba ke nan, mai gidansa da aikinsa.

Inda aka sulale

Shafi ɗari huɗu ina bin yarinyar nan a kan ta ce jikinta nata ne. Sai a gaban alƙali gaskiya ta fito: Kate ce ta roƙe ta. Ta gaji da asibiti, tana son a bar ta ta tafi, ta san uwarsu ba za ta saurare ta ba, sai ta sa ƙanwar ta ƙi ba da ƙodar. Na yarda juyin ya girgiza ni, kuma ya buɗe wata tambayar mai kyau, ta haƙƙin yarinya mai shekara 16 ta ce magani ya isa haka. Tun 1985, a shari'ar Gillick, kotun Ingila ta amince cewa wanda bai kai 16 ba ma, in ya fahimci abin da ake magana, yana iya amincewa da magani da kansa, ko da yake kotunan sun fi taurin kai idan ƙin magani ne da zai kai ga mutuwa. Amma a duba abin da juyin ya yi wa Anna. Ƙin nata ya tashi daga ƙi, ya koma wata hidimar ga yayarta. Ko a'a ɗin ma ba tata ba ce, aro aka ba ta. An wanke ta daga son kai, kamar dai yarinyar da ta ce ina son ƙodata don kaina ba za ta cancanci tausayinmu ba.

Sannan ta ci shari'ar. Alƙali ya ba ta iko, ya sa lauyanta ya zama wakilinta a harkar lafiya. Suna fitowa, a cikin ruwan sama, mota ta yi karo da su. Ubanta na cikin waɗanda aka kira wurin haɗarin. Ƙwaƙwalwarta ta mutu, lauyan ya ba da izini, aka cire ƙodar aka sa wa Kate, Kate ta rayu ta girma.

Na san abin da masu kare wannan ƙarshe ke cewa: rayuwa ba ta da tabbas, iyayen sun shekara goma sha huɗu suna tsaron ƙofa ɗaya, mutuwa ta shigo ta wata. Haka ne, ajali ba ya neman shawara. Amma a rayuwa haɗarin mota ba ya zaɓar ranar da aka yanke hukunci, ba ya kuma barin ƙoda lafiya lau don ta isa inda ake jiranta. Wannan hannun marubuciya ne. Da shi ta samu duka biyun: yarinya ta yi nasara, ƙoda kuma ta tafi. Uwar ba ta zauna da 'yar da ta hana ba. Anna ba ta tsaya a bakin kabarin yayarta da ƙoda biyu a cikinta ba. Fim ɗin da aka yi a 2009 ya juya ƙarshen, Kate ta mutu, Anna ta rayu, marubuciyar kuma ba ta ji daɗin hakan ba. Ni a ganina masu fim ɗin sun fi kusa da gaskiya, ko da yake su ma sun riƙe uzurin cewa Kate ce ta nema.

Wani abin da zai ba mai karatu na yau mamaki: irin sankarar da aka ba Kate, wadda ake kira APL, yanzu tana cikin waɗanda aka fi warkarwa. Likitoci a ƙasar Sin ne suka buɗe hanyar, a Harbin da sinadarin arsenik tun shekarun 1970, a Shanghai kuma da wani dangin bitamin A a shekarun 1980. Wani gwaji da aka buga a 2013 ya nuna haɗa su biyun na warkar da fiye da kashi 90 cikin 100 na marasa lafiyar da cutar ba ta yi tsanani ba. Dashen ɓargo daga wanda ya dace rabi, kamar uwa ko uba, shi ma ya zama ruwan dare, a ƙarshen 2023 kuma Birtaniya da Amurka suka amince da maganin sikila na gyaran ƙwayoyin halitta, wanda da ƙwayoyin majinyacin kansa ake yi. Sai dai tsadarsa ta kai miliyoyin daloli, kuma har gobe ga mai sikila ko talasimiya, dashen da aka fi sanin sakamakonsa shi ne na ɗan'uwan da ya dace. Yara ƙanana na ci gaba da shiga ɗakin tiyata lafiyarsu ƙalau, akasarinsu kuma in sun girma suna alfahari da abin da suka yi. Ban ce a daina ba. Da ni ne a matsayin iyayen nan, na san har wane mataki na tsanin zan hau ban ko waiwaya ba, abin da ke ba ni tsoro ke nan.

Babin da na so in karanta ba shi cikin littafin. Safiya ce, wata biyu bayan an binne Kate. Anna ta fito da kayan makaranta, uwarta na tsaye a kicin ta juya baya. Kujera ɗaya babu kowa. Yarinyar tana son ta tambayi kuɗin mota, tana lissafin ta wace kalma za ta fara.